Gora a tsakar gida: yadda na dasa tawa, da irin da ya dace da kowane gari

Ba sha'awar furanni ce ta haɗa ni da gora ba. Maƙwabcina ne ya tayar da bene, tagoginsa na sama suka leƙo tsakar gidana, daidai inda uwargida take girki da shanya. Mutumin kirki ne, filinsa ne kuma kuɗinsa, ba ni da ta cewa. Amma duk mai iyali ya san abin da nake nufi. Na kira magini ya duba ko katanga za ta ɗauki ƙari, ya ƙwanƙwasa ta ya ce, "Malam, harsashin nan in ya yi ƙoƙari layi uku na bulo ne." Layi uku kuwa ba za su tare komai ba. Darbejiya ko mangwaro sai an jira shekaru, ga saiwarsu ba ta barin gini lafiya. Ana cikin haka na ga wani gida a Kaduna an jera gora a bayan katanga, ta tashi kore shar kamar an rataya labule. Damina bakwai ke nan ina fama da ita a nan Zariya. Na kashe wata, na haƙe wata da kuɗina, na kuma aika da wata garuruwan da ban taɓa zaton za ta rayu ba.

Bari mu gyara suna tukuna, don kada a kai ka a baro. Gorar da nake magana ita ce ta sanda, wadda makiyaya da 'yan banga suke riƙewa, ba goran nono ba, wanda aka ce ba a fafe shi ranar tafiya. Ba gwangwala ba ce kuma, ita gwangwala reshen tukurwa ce, dangin kwakwa. Sannan akwai wani ɗan tsiro da ake sayarwa cikin kwalbar ruwa ana ajiyewa a kan teburin ofis, wai gorar sa'a. Wannan ba gora ba ce ko kusa, sunansa na kimiyya Dracaena sanderiana, asalinsa ma dazuzzukan tsakiyar Afirka ne wajen Kamaru. Gora ta gaskiya ciyawa ce, 'yar uwar dawa da shinkafa da rake. Dubi gaɓoɓinta da ganyenta za ka yarda. Iri-irinta a duniya sun haura 1,000, amma mai gida biyar ko shida kawai ya kamata ya sani.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

In za ka manta da duk abin da na rubuta, riƙe wannan. Ba a sayen gora da kallon ganye, saiwa ake dubawa. A ƙarƙashin kowace gora akwai wata saiwa mai kauri irin ta citta, mai idanu, daga nan sababbin sanduna suke fitowa. Wannan saiwa hali biyu gare ta. Akwai mai tsuguno: saiwarta gajera ce, tana fita kaɗan sai ta lanƙwaso sama ta zama sanda, don haka tushen yana faɗi a hankali wuri ɗaya, kamar gamba ko gindin ayaba. Akwai kuma mai yawo: saiwarta doguwa ce, tana bin ƙarƙashin ƙasa mita biyu, uku, ko fiye a shekara, ta ɓullo inda ta ga dama. Duk manomin da ya taɓa kokawa da tofa ko kiri-kiri a gona ya san irin wannan hali. To ka ƙaddara tofa ce mai kaurin yatsa da taurin itace.

Sa'ar da muka yi ita ce, kusan duk gorar ƙasashen zafi mai tsuguno ce. Masu yawon yawancinsu na ƙasashen sanyi ne, Sin da Japan, musamman dangin da ake kira Phyllostachys. Amma suna shigowa, don suna da kyau, akwai mai ruwan zinariya akwai baƙa wuluk. Ga yadda za ka gane su a hannun mai sayarwa: shafa sandar tsakanin gaɓa da gaɓa. In ka ji wani kwari ko shafaffen gefe a ɓangaren da reshe ya fito, kuma rassa biyu ne a kowace gaɓa, ɗaya babba ɗaya ƙarami, to mai yawo ce. Dangin Bambusa da muka saba da su sandarsu zagayayya ce sumul, rassa kuma cunkus a gaɓa ɗaya. In har yanzu kana shakka, ce a zare ledar ka gani da idonka. Mai sayarwar da ya ƙi, ka yi gaba.

Wani abu kuma da ya ba ni mamaki da farko: sandar gora ba ta ƙara kauri. Yadda tsiron ya huda ƙasa, da wannan kaurin zai mutu. Tsawonsa kuma a damina ɗaya yake gama shi, cikin wata biyu zuwa huɗu, daga nan sai rassa da ganye da ƙara tauri. A Japan an auna wani iri yana ƙara kusan mita guda a yini. Tawa ba ta kai nan ba, amma na sha yi wa tsiro alama da gawayi a jikin katanga da magariba, da safe in tarar ya wuce ta da taƙi guda. Ma'anar wannan ita ce, 'yan sandunan da ka sayo a leda ba su ne za su rufe maka katanga ba. Aikinsu su ciyar da saiwa. Tsiron baɗi zai fi su kauri da tsawo, na baɗin baɗaɗa ya fi na baɗi. Kada ka ga shekarar farko shiru ka ce an cuce ka.

Kuskuren da na fara da shi

Mai sayar da tsirrai ya nuna mini wata rawaya mai ratsin kore, kamar an zana da buroshi. Bambusa vulgaris ke nan, wadda ta cika kudancin Najeriya, koriyarta ce ake kafa wa magina su taka a jikin bene. Na tambaye shi girmanta, ya ce, "Baba, daidai katanga." Ban sake tambaya ba. Na dasa uku, kamu ɗaya daga jikin bango, ɗaya ma kusa da sokawe.

A damina ta uku ta nuna mini ko ita wace ce. Iri ne da yake kaiwa mita 10 zuwa 20, sanda mai kaurin damtse. Ta wuce katanga, ta wuce kwano, ta fara shafar wayar lantarki duk lokacin da hadari ya taso. Ganye ya toshe indararo, ruwa ya koma cikin silin. Tushen ya cika ɗan wurin da na ba shi ya fara tokarar bango. Uwargida ta ce, "Malam, mun ce a rufe mu daga bene, ba mu ce a kai mu daji ba." Sai da na ɗauko leburori biyu da diga da gatari, suka yi kwana biyu kafin su tumɓuke tushe uku. Gorar ba ta yi laifi ba. Mai fili babba, ko gona, ko bakin rafi, ba shi da kamarta. A fuloti ɗaya mai iyali kuwa, ba wurinta ba ne, sai in za ka ba ta mita biyar daga kowane gini.

Wadda na maye gurbinta da ita, kuma nake ba kowa shawara, ita ce gorar shinge, Bambusa multiplex. Sandunanta sirara ne, daga kaurin yatsa zuwa na rake, tsawo mita 3 zuwa 7, ganye tun daga ƙasa har sama, tana kuma karɓar aski. Akwai nau'inta mai rawaya da ratsi ga mai son ado. Sai mai tumbi, wadda gaɓoɓinta suke kumbura kamar an jera ƙananan tuluna. Ita ba ta rufe komai, ta kallo ce, guda ɗaya a bakin zaure ta isa.

Dasawa

Lokaci shi ne bayan damina ta zauna, ba ruwan farko mai yaudara ba. A Zariya da Kaduna ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A Kano da Katsina da Sakkwato ka jira Yuli. A kudu tun Afrilu ko Mayu an fara. Wanda ya dasa a Satumba ya haɗa jaririya da hunturu, sai dai ya shirya ɗaukar jarka.

Ga gorar shinge, ka ja layi aƙalla mita ɗaya daga bango, mita ɗaya da rabi ya fi. Tsakanin tushe da tushe mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Nisanci sokawe da bututun ruwa da ƙarƙashin waya. Rami ya yi faɗin santimita 60, zurfin 50. Faɗi ya fi zurfi amfani, domin saiwar gora a sama-sama take, ba ta nutsawa kamar ta tsamiya. In ƙasarka marmara ce ko cike take da ɓaraguzan gini, kamar yawancin sababbin unguwanni, gara ka haƙa dogon kwari gaba ɗaya ka kwashe, ka zubo ƙasar kirki.

Ni nakan haɗa kashi biyu na ƙasar sama da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki. Ruɓaɓɓe na ce. Ɗanyen kashin kaji ya ƙone mini tushe biyu cikin mako guda. In laka ce mai riƙe ruwa, ƙara yashi, ka kuma ɗaga wurin ya yi ɗan tudu. Gora tana son ruwa amma ba ta son kwana a cikinsa, saiwar ruɓewa take. Gwaji mai sauƙi: cika ramin da ruwa da yamma, in ka wayi gari yana nan, wurin bai yi ba.

Yanka ledar, kada ka fizge. Ajiye tsiron yadda bakin ƙasarsa zai yi daidai da bakin ramin, ko ya nutse da yatsa biyu. Mayar da ƙasa, taka a hankali, yi mata ɗan kewaye kamar akushi don ruwa ya tsaya, ka zuba bokiti biyu nan take ko da ana ruwan sama. In sandunan dogaye ne, rage musu kai, ka kafa turke ka ɗaure, don iskar hadari tana girgiza su ta tsinka sababbin jijiyoyi. Sannan ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, kaurin tafin hannu, amma ka bar ɗan fili a jikin sandunan saboda gara.

Sai maganar akuya da yara. Akuya tana son ganyen gora kamar me. Yara kuma suna son karya sabon tsiro, don yana ɓallewa ƙarau. Tsiron da aka karya wa kai ya gama, ba zai sake tsawo ba, an yi asarar sandar shekara guda. Na kewaye tawa da ragar kaji har damina biyu.

Ruwa, wanda shi ne dukan aikin

A arewa ba damina ce take kashe gora ba, rani biyu na farko ne. Iskar hunturu tana zuƙe ganye, bazara ta zo ta ƙarasa. Abin da ya yi mini aiki shi ne jarka guda ta lita 20 ga kowane tushe, bayan kwana biyu ko uku a lokacin sanyi, kullum kuma daga Maris har ruwa ya sauka. Shayarwa mai yawa lokaci ɗaya ta fi yayyafi sau uku. Gorar ma da kanta tana faɗa maka: in ta ji ƙishi ganyen yana naɗewa ya zama kamar tsinke. In ya naɗe da tsakar rana ya buɗe da la'asar, zafi ne kawai. In ka tarar da shi a naɗe da asuba, ɗauko bokiti kafin ka karya kumallo.

Wanda yake sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa ya yi lissafi tun kafin ya dasa. Tushe takwas jarka takwas ne. Ni dabarar da na yi, na karkato da kwatar wurin alwala da ta wurin wanke kayan miya zuwa gindinsu. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa ban yarda ya je ba. In ruwan burtsatsenku yana da gishiri ko kanwa, za ka ga bakin ganye yana ƙonewa. Maganinsa ka riƙa yi mata ambaliya sau ɗaya a wata don gishirin ya nutse ƙasa.

Bayan shekara biyu zuwa uku, tushen ya yi ƙarfi, sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Za ta zubar da ganye da yawa a hunturu, wasu su yi rawaya. Ba ciwo ba ne. Kada a share ganyen a ƙone, a tura shi gindinta, shi ne bargonta kuma shi ne takinta. Taki kuwa, tunda ciyawa ce, abin da masara take so shi take so: kwandon takin gargajiya a farkon damina, da cikin hannu ɗaya na kamfa a zagaye nesa da sanduna. In ganye ya koɗe a tsakiyar damina, ɗan yuriya kaɗan. Ban taɓa ba ta takin zamani da rani ba.

Gari da gari

A Kaduna da Zariya da Abuja da Minna, inda ruwan shekara yake haura milimita 1,000, duk irin da na ambata suna yi, da sharaɗin shayarwar rani.

Daga Kano zuwa sama labari ya canza. Ƙanena yana Sakkwato, na aika masa da tushe huɗu na gorar shinge. Biyun da ya sa a fili, rana tana dukansu daga safe har yamma, Afrilu bai ƙare ba suka zama tsintsiya. Biyun da ya sa a gabashin ɗaki, suna samun hantsi, inuwar gini tana rufe su daga azahar, suna nan har yau, ko da yake ba su kai tsawon nawa ba. Don haka a Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram, nemi gefen da bango zai kare ta daga ranar yamma, da kuma iskar arewa maso gabas. Ka nutsar da wurin dashen ƙasa da bakin fili kaɗan don ya tara ruwa, akasin abin da mutumin kudu zai yi. Ka ninka kaurin ciyawar gindi.

Amma in da ni ne a can, gorarmu ta gida zan nema, wadda masana suke kira Oxytenanthera abyssinica. Ita ce ta sandar makiyaya, cikinta kusan a toshe yake, shi ya sa wanda ya sha ta ba ya mantawa. Tana fitowa da kanta a bakin rafuka da gindin duwatsu tun daga Senegal har Habasha. Ta saba da fari: in rani ya tsananta sai ta zubar da ganye ta yi likimo, ruwan farko ta farfaɗo. Aibinta ga mai neman sutura shi ne wannan zubar da ganyen, sai dai in kana shayar da ita tana riƙe wani abu. Tana kuma da girma, tana kaiwa mita 8 zuwa 10, ba ta lungu ba ce. Abin haushi, da wuya ka same ta wajen masu sayar da furanni, sun fi son baƙi. Sai ka tambayi masu sassaƙa ko masu sayar da sanduna a kasuwar ƙauye daga ina ake kawo musu.

Jos da Mambila wata duniya ce. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, Mambila ta fi haka, dare yana sanyi sosai. A nan ne masu yawon nan na Sin suke jin daɗi, a nan ne kuma ya kamata a yi hattara da su. Wani abokin aikina a Jos ya dasa mai ruwan zinariya a gefen daɓe, shekara huɗu ta ɓullo a tsakiyar bedin karas ɗinsa, ta tsallake ƙarƙashin daɓen gaba ɗaya. A irin wannan wuri ko dai ka tsaya ga gorar shinge, wadda take jure sanyin Filato ba tare da matsala ba, ko ka ɗaure mai yawon yadda zan faɗa a ƙasa.

A Legas da Fatakwal da Kumasi, ruwa ba abin damuwa ba ne, yawansa ne. Dasa a kan tudu, buɗe hanyar ruwa, ka kuma sani duk tsawon da aka faɗa maka za ta kai, to za ta kai har ta ɗara. Aikinka a can rage cunkoso ne don iska ta ratsa, in ba haka ba farin ƙwaron nan mai kama da auduga ya taru a gaɓoɓi, baƙar funfuna ta biyo baya. Ruwan sabulun wanka da ɗan man darbejiya yana korar su.

'Yata tana aure a arewacin Ingila. Gidan da suka shiga sun tarar da gora a bayan gida, suna murna. Da bazararsu ta zo sai ga tsiro yana ɗaga duwatsun daɓe, wani ya leƙa gidan maƙwabta. Ta turo mini hoto, na ce ta shafa sandar. Ta ce, "Baba, akwai kwari a gefe." Na ce to kun gaji rigima. Ba su kaɗai ba ne, a Amurka ma jihar New York ta hana sayar da iri biyu na wannan dangi tun 2015. Mai zama a ƙasar dusar ƙanƙara, gorarmu ta zafi ba za ta kai masa Janairu ba. Abin da zai nema shi ne Fargesia, mai tsuguno ce, daga duwatsun yammacin Sin, irin wadda dabbar panda take ci. Tsawonta mita 3 zuwa 4, tana jure sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, tana son inuwa-inuwa. A dasa ta a Afrilu ko Mayu. In ƙanƙara ta danne ta a girgiza mata, za ta miƙe. Amma kada wani ya ɗauko ta ya kawo Kano don ya ga ta yi kyau a can, zafinmu kashe ta yake.

Wanda ya nace sai mai yawo, to ya haƙa kwari ya kewaye ta da roba mai kauri, irin ta tankin ruwa, zurfin santimita 60 zuwa 70, ya bar yatsa uku a sama da ƙasa, domin saiwar tana haurawa ta kai. Mahaɗin robar a ɗaure shi da ƙarfe da kusoshi. Ledar daɓe ko tsohon kwano ba sa tare ta. Sau ɗaya a shekara a bi gefen da shebur a datse duk wadda ta leƙo.

Tukunya

Ɗan haya, ko wanda ya shafe gidansa da siminti, zai iya sa ta a mazubi. Rabin duro ya yi, a huda ƙasansa da kyau, a ɗora a kan bulo. In baƙi ne a shafa masa farin fenti, don rana tana dafa saiwa. Kada ka sa a randa mai ƙaramin baki. Na yi, ta yi kyau shekara biyu, ranar da zan fitar da ita sai da na fasa randar, uwargida kuwa ba ta bar maganar ba har yau. Ta tukunya tana shan ruwa kullum, da bazara safe da yamma, kuma duk shekara biyu ko uku sai an zazzage ta an raba tushen da zarto an sake ƙasa.

Yadda ake samun iri

Kada ka sayi ƙwayar irin gora a intanet. Araha ba ta ado. Yawancin gora sai bayan shekaru masu yawa take fure, wasu 30, wasu 60, wasu fiye da 100, ta yi 'ya'ya sau ɗaya sannan ta mutu. Ƙwayar kuma ba ta daɗewa take lalacewa. Ita rawayar nan ta kudu ma kusan ba ta yin ƙwaya sam. Wani abin al'ajabi, duk tsirran da aka raba daga uwa ɗaya lokaci guda suke fure ko a ina suke. Wani Bature mai tattara tsirrai, Ernest Wilson, ya ɗauko wata Fargesia daga Sin a 1907, aka yi ta rabawa har ta cika lambunan Turai. A shekarun 1990 suka yi fure gaba ɗaya suka bushe. In taka ta yi fure, ba sammu ba ne, ajalinta ne ya zo, tara ƙwayar ka shuka nan da nan.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce rabon tushe. A farkon damina, kafin sababbin tsiro su fito, zaɓi sanda biyu ko uku na gefe masu shekara ɗaya zuwa biyu. Sare su a bar kamar mita ɗaya. Tona a hankali har ka ga inda saiwarsu ta haɗu da uwar, ka datse a nan da gatari mai kaifi, ka kula da idanun. Naɗe da jiƙaƙƙen buhu, ka dasa a ranar. Haka na aika da na Sakkwato a motar safe.

Manyan kuma, irin rawayar, ana dasa su kamar rake. Yanko gunduwa mai gaɓa biyu daga sanda mai shekara biyu, huda tsakiya, cika da ruwa, toshe, ka kwantar da ita a ƙasa mai yashi a inuwa, zurfin yatsa huɗu. Cikin 'yan makonni toho zai fito daga gaɓoɓin. Kada ka yi saurin cirewa, toho yana riga saiwa fitowa, ba ta wata uku.

Aski, da maganar maciji

Duk wanda ya shigo gidana sai ya tambaya, "Malam, ba ta kawo macizai?" Gora ba ta kiran maciji. Duhu da tarkace da ɓeraye su ne suke kiransa, kuma tushen da aka bari ya cunkushe yana tara duka ukun. Don haka sau ɗaya a shekara, cikin hunturu, nakan shiga da zarto. Ina fitar da busassu, da karkatattu, da waɗanda suka haura shekara huɗu, ana gane su da dushewar launi da dabbare-dabbare a jiki. Ba na cire fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ina kuma share rassan ƙasa har zuwa gwiwa, yadda daga nesa zan hango gindin. Ganyen da ke ƙasa ba na barinsa ya wuce kaurin tafin hannu.

Yanka a daidai ƙasa, ko dab da saman gaɓa. In ka yanka a tsakiya ka bar ɗan kofi, ruwa zai taru, sauro ya samu gidan haya. Haka in za ka rage tsawo: sama da gaɓa, kuma sai sandar ta gama fitar da ganye. Inda ka yanke nan ta tsaya har abada, sai dai ta ƙara duhu a ƙasa. Tawa na tsayar da ita a mita biyar, daidai inda tagar bene ta ɓace.

Sandunan da aka sare a farkon rani sun fi daɗewa. Nakan jingina su a tsaye a inuwa da ganyensu har mako biyu, sannan in share in shanya a rumfa, ba a rana ba, don rana tana tsaga su. Na bana guda talatin da ɗaya na samu. Uwargida ta ɗebi shida ta tokare igiyar shanya, na kafa wa tumatir goma sha biyu, almajiran unguwa suka roƙi na ƙwallo. Ragowar suna rumfa, maƙwabcin nawa mai bene ya ce a ajiye masa, ya kuma aiko yaro ya tambaya ko zan raba masa tushe biyu in Yuli ya kama, wai shi ma an fara gini a bayansa.